Lissafin masara a Zambiya: masu bincike da gwamnatin da ke ji da kunne ɗaya

A watan Disamba na 1986 gwamnatin Kenneth Kaunda ta janye tallafin da ke kan lallausan garin masara, farashinsa ya ninka har da ɗoriya. Kafin ka ce kwabo garuruwan haƙar ma'adinai na lardin Copperbelt, Kitwe da Ndola da maƙwabtansu, sun yamutse. An fasa shaguna, mutum 15 suka rasa rayukansu, Kaunda ya fito ya soke ƙarin. A watan Yuni na 1990 aka sake taɓa farashin gari, wannan karon Lusaka ce ta kama da wuta. Mutum fiye da 20 suka mutu, har wani ƙaramin hafsan soja mai suna Mwamba Luchembe ya shiga gidan rediyo ya ce ya kifar da gwamnati. Juyin mulkin nasa bai wuce 'yan sa'o'i ba, amma shekara guda da 'yan watanni bayan nan Kaunda ya sha kaye a akwatin zaɓe a hannun Frederick Chiluba.

Tun daga nan babu ɗan siyasar Zambiya da ke wasa da masara. Nshima, wato tuwon masara, shi ne na rana shi ne na dare, a gidan mai kuɗi da na talaka. Kuma tun zamanin Kaunda akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin mai mulki da jama'a: gwamnati za ta sayi masarar manomi da daraja, ta kuma tabbatar mutumin birni ya sami gari da araha. Tsakanin farashin nan biyu akwai rami, baitulmali ne ke cike shi. Lokacin da tagulla ke kawo kuɗi ramin bai dami kowa ba. Da farashinta ya karye a tsakiyar shekarun 1970, sai aka koma cike shi da bashi. An rushe hukumar sayen amfanin gona ta NAMBOARD a 1989, Chiluba ya zo ya sakar wa 'yan kasuwa mara, amma ko shi bai iya tsame hannu gaba ɗaya ba. A 1995 aka yi dokar kafa Hukumar Ajiyar Abinci, wadda kowa ke kira FRA, ta soma aiki a 1996.

Cikin wannan hali ne a 1999 aka ƙulla wani shirin bincike kan wadatar abinci a Lusaka. Ma'aikatar Noma ta ƙasar na ciki, da wani dandalin tuntuɓa na masu ruwa da tsaki a harkar noma, sai kuma Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka. Hukumar ba da agajin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, ce ta soma zuba kuɗi, daga baya hukumar ba da agaji ta Suwidin ta shigo.

Jami'ar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1855 aka kafa ta a matsayin kwalejin koyon noma, tana cikin jami'o'in da gwamnatin Amurka ta bai wa filaye domin su yi wa manoma hidima, inda al'ada ce farfesa ya bar ofis ya shiga gona. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta ƙara wani babi a dokar agajin ƙasashen waje wanda ya buɗe wa irin waɗannan jami'o'i hanyar aiki a ƙasashe masu tasowa. Sashen tattalin arzikin noma na Michigan ya soma aikin wadatar abinci a Afirka tun 1984, kuma a Mali ya riga ya ci karo da wani abu da ya ba masu tsara manufofi mamaki: gidajen manoma da yawa sun fi sayen hatsi a kan sayarwa. Da wannan zargi a aljihu suka isa Zambiya.

Ƙidayar da ba ta ɗaukar ido

Ofishin ƙididdiga na Zambiya ya saba fita ƙidayar bayan girbi, amma tambayoyinsa sun fi tsayawa ga hekta nawa aka shuka, buhu nawa aka samu. A 2001 masu binciken suka haɗa kai da ofishin suka bi sawun gidajen da aka ƙidaya a kakar 1999/2000, kusan gida 7,000, da doguwar takardar tambayoyi. Suka koma wa gidajen nan dai a 2004, suka sake komawa a 2008.

Ka ƙaddara ma'aikacin ƙidaya zaune a ƙofar gida, takarda a cinya. Idan maigida ya ce ya sami buhu goma sha biyu, maganar ba ta ƙare ba. Buhun mai kilo 50 ne ko mai 90? Tsaba ce ko tana jikin totuwa? Nawa aka sayar, wa ya saya, a wane wata, a ƙofar gida ko sai da aka ɗora a amalanke aka kai bakin titi? Takin da aka zuba, na gwamnati ne ko na kanti, kuma ya iso kafin shuka ko bayanta? Sai can ƙasan takarda tambayar da ta fi sauran nauyi: bayan kun sayar, kun dawo kun sayi masara ko gari? A wane wata rumbun ya ƙare? Sau da yawa matar gida ce ke da amsar wannan, domin ita ke ɗiban abin da za a tuƙa.

Komawa gida ɗaya sau uku shi ne dukan dabarar. Idan ka ga mai samun takin gwamnati ya fi maƙwabcinsa amfanin gona, ba za ka iya rantsuwa cewa takin ne sanadi ba, wataƙila dama can ya fi shi gona da shanu da sanin manya. Amma idan ka gwada gidan da kansa, shekarar da ya sami taki da shekarar da bai samu ba, ka rage ruɗani sosai. Aiki ne mai cin kuɗi da mota da haƙuri, ba a kuma yanka masa kintinkiri.

Abin da ya fito daga takardun nan ya rushe hoton da ake da shi na ƙaramin manomi. Kimanin kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na gidajen ne ke sayar da rabin dukan masarar da ƙananan manoma ke kaiwa kasuwa. Kusan ɗaya cikin uku, wasu shekarun ma fiye, masu saye ne: abin da suka noma ba ya kai su sabuwar kaka. Wasu da dama ba su saye ba su sayarwa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari ba su nome hekta biyu, a ƙasar da ake ta yi wa kirarin yalwar fili.

A ɗauki gida biyu don misali. Na farko yana nome hekta takwas, yana da buhu ɗari biyu na sayarwa. Na biyu yana nome hekta ɗaya, rumbunsa na ƙarewa a watan Disamba, alhali sabuwar masara sai Afrilu ko Mayu. Idan gwamnati ta ɗaga farashin buhu da sunan taimakon manomi, na farko ya sami ƙarin sau ɗari biyu. Na biyu kuwa, a tsakiyar damina lokacin da yake ƙwadago a gonar wani don ya sami abin sawa a tukunya, shi zai biya ƙarin. Dukansu manoma ne, dukansu an ambace su a jawabin minista. Nicole Mason da Robert Myers na Michigan sun ƙiyasta cewa tsakanin 2003 da 2008 ayyukan FRA sun ɗaga matsakaicin farashin masara da kashi 17 zuwa 19 cikin ɗari. Sun kuma nuna cewa hukumar ta rage hawa da saukar farashin, wanda abu ne mai amfani, kuma adalci ne a faɗe shi.

Har ƙananan 'yan kasuwar da ke bin ƙauyuka da sikeli, waɗanda 'yan siyasar ƙasar ke zagi da sunan masu jakar hannu, masu cutar manoma, binciken ya ɗan wanke su. Nicholas Sitko da Thomas Jayne sun gano cewa galibin manoma a ƙauyensu ko kusa da shi suke sayarwa, masu saye da yawa ne ke zuwa suna takara, kuma suna biya hannu da hannu. FRA kuwa takan karɓi masara ta ba manomi takarda, ya yi ta jeka-ka-dawo wata da watanni kafin ya ga kuɗinsa.

Shekaru biyu na albarka

A 2002 gwamnatin Levy Mwanawasa ta ƙaddamar da shirin tallafin takin zamani. Da farko manoma 120,000 aka nufa, da tan 48,000, gwamnati na biyan rabin kuɗi. Kowane manomi buhu takwas na taki da kilo 20 na irin masara, daidai hekta guda. Sai sa'a ta zo: aka yafe wa Zambiya mafi yawan bashinta a 2005, tagulla ta sake yin daraja, maƙwabciya Malawi ta fara nata babban shirin a shekarar, shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 suka yi alkawarin ƙara amfani da taki. A 2005 ɗin dai aka gyara dokar FRA aka ba ta damar shiga cinikin amfanin gona sosai, ba ajiya kawai ba. A 2009 aka sauya wa shirin takin suna ya koma FISP, aka raba kason gida biyu, buhu huɗu da kilo 10 na iri, domin ya kai ga mutane da yawa. Kafin 2011 masu cin gajiyar sun doshi 900,000.

A 2010 Zambiya ta girbe masara tan miliyan 2.8, abin da ba ta taɓa gani ba. A 2011 ta haura miliyan 3. Gwamnatin Rupiah Banda ta ce ga sakamakon taki nan, gani ya kori ji. FRA ta sa farashin kwacha 65,000 a tsohon kuɗin Zambiya kan buhu mai kilo 50, farashi ɗaya daga bakin layin dogo har ƙauyen da mota ba ta shiga, kuma sama da na kasuwa. Ta sayi fiye da tan 880,000 a 2010, ta sayi kusan miliyan 1.75 a 2011, shekarar zaɓe. Rumbunan hukumar ba su iya ɗauka ba. Aka jibge buhuna a fili kan katako aka lulluɓe da tamfol, damina ta sauka a kansu, wasu suka tsiro wasu suka ruɓe. Abin da ya tsira aka sayar wa kamfanonin niƙa da ƙasashen maƙwabta ƙasa da kuɗin da aka saya.

Masu binciken suka bi lamarin gaɓa-gaɓa, kuma a nan ne amfanin tara alƙaluma na shekara goma ya bayyana. William Burke da Jayne da Antony Chapoto suka warware girbin 2010 suka nuna cewa kyawun damina ne ya fi komai tasiri, kusan rabin ƙarin daga gare shi yake, taki ya biyo baya da nisa. Auckland Kuteya da Jayne suka bi masarar da aka sayar wa masu niƙa da rangwame suka ga rangwamen bai sauko kan farashin gari a kanti ba, ya maƙale a tsakani. Game da takin kansa, lissafin kakar 2010/11 ya nuna kashi 55 cikin ɗari ya tafi ga kashi 27 na manoma masu manyan gonaki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sai kana cikin ƙungiyar gama kai, sai ka iya biyan kasonka tun kafin kaya su iso, sai kana da filin da ya kai ƙa'ida. Wanda ya fi buƙata shi ne wanda ya fi kasa cika sharuɗɗan. Kimanin kashi ɗaya bisa uku na takin ma ba ya isa hannun manoma ta hanyar shirin, sai dai a tsince shi a kasuwa ana sayarwa. Wani kason kuma yana zuwa ga mutanen da dama za su saya da kuɗinsu, don haka bai ƙara komai a gona ba, ya dai kashe wa mai kantin taki ciniki. Da aka haɗa duka, kowane kilo na takin tallafi bai ƙara masarar da ta kai kilo biyu ba.

Akwai kuma maganar ƙasa, wadda ni a ganina ita ce mafi ban takaici. Gonakin ƙananan manoman Zambiya da yawa ƙasarsu na da tsami, musamman a arewa inda ruwa ke da yawa. A irin wannan ƙasa sinadarin fosfaras da ke cikin takin shuka yakan ɗaure, saiwa ba ta iya jansa. Maganin shi ne a zuba farar ƙasa a kashe tsamin. Amma shirin iri ɗaya yake rabawa ko'ina, taki iri ɗaya, masara kawai, ko ƙasarka na so ko ba ta so, sau da yawa kuma bayan lokacin zuba shi ya wuce.

A shekaru da dama waɗannan shirye-shirye biyu, FRA da FISP, sun cinye fiye da rabin abin da gwamnati ke kashewa a kan noma. Talaucin karkara kuwa yana nan kusan kashi 78 cikin ɗari a 2004, yana nan a 2010. A 2015 ya ɗan sauko zuwa kashi 76.6, a 2022 ya koma 78.8.

To me ya hana a bari? Wannan ma an bincika. Mason da Jayne, tare da Nicolas van de Walle na Jami'ar Cornell, sun haɗa alƙaluman gidaje da sakamakon zaɓe suka ga cewa a zamanin MMD, jam'iyyar su Chiluba da Mwanawasa da Banda, gidajen da ke mazaɓun da jam'iyya mai mulki ta ci sun fi samun taki. Abin mamakin shi ne ba su ga alamar cewa takin na ƙara wa mai mulki ƙuri'a ba. Zaɓen Satumba na 2011 ya yi kama da hakan: bayan sayen masara mafi girma a tarihin ƙasar, Banda ya faɗi, Michael Sata ya hau. Amma ɗan siyasa ba ya tsoron rashin riba kamar yadda yake tsoron hasara. Ko da bayarwa ba ta kawo ƙuri'a, wa zai yarda ya zama wanda ya ƙwace? Abin da masana ke cewa a mayar da kuɗin kansa, wato hanyoyin karkara da noman rani da malaman gona da binciken iri, sai an shekara goma ake ganin amfaninsa. Buhun taki kuwa ana sauke shi daga mota a gaban jama'a, ana ɗaukar hoto.

Mayar da aikin hannun 'yan gida

A watan Oktoba na 2011 aka yi wa wata cibiya rajista a Lusaka mai suna IAPRI, cibiyar binciken manufofin noma ta Indaba. Kalmar indaba a kudancin Afirka tana nufin zaman shawara. Ita ta gaji ma'aikata da alƙaluma da aikin tsohon shirin, amma a matsayin cibiyar Zambiya mai zaman kanta da hukumar gudanarwarta, inda gwamnati da jami'a da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa ke da wakilci. Wanda ya fara shugabantarta, Chance Kabaghe, tsohon mataimakin ministan noma ne, mutumin da ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Chapoto, wanda ya yi digirinsa na uku a Michigan, ya jagoranci ɓangaren bincike. Jami'ar ta koma gefe tana abokiyar aiki. Cibiyar ta ci gaba da ƙidayar gidaje, sabon zagaye mai gida fiye da 8,000 a 2012, aka koma musu a 2015 da 2019. A Lusaka ɗin ne kuma aka ajiye ofishin ƙawancen irin waɗannan cibiyoyi na yankin, har da Tegemeo ta Jami'ar Egerton a Kenya, wadda ita ma ta daɗe tana aiki da Michigan.

Wannan sauyi ya fi yadda ake zato muhimmanci. Magana ɗaya ce, amma idan Ba'amurke ya faɗe ta a taro minista na iya cewa baƙo ne, bai san nshima ba. Idan ɗan ƙasa ya faɗe ta a gaban kwamitin majalisa, ko a rediyo washegarin karanta kasafin kuɗi, sai an nemo wata amsar.

Nasara ta farko da za a iya nunawa da yatsa ta zo a watan Mayu na 2013, lokacin da gwamnatin Sata ta cire rangwamen da ake yi wa masu niƙa, 'yan makonni bayan ta cire na man fetur. Ba na jin takardar bincike ce ta tilasta mata. Aljihu ne ya yi zafi. Abin da binciken ya yi shi ne ya ajiye wa gwamnati hujja a shirye ranar da ta buƙace ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu ita ce katin taki, kuma ita ce ta fi koyarwa. Shekara da shekaru masu binciken na ba da shawarar gwamnati ta daina saye da jigilar taki da kanta, ta sa wa manomi kuɗi a kati ya je wurin dillalin kayan gona ya zaɓi abin da yake so: taki, ko farar ƙasa, ko irin waken soya, ko maganin dabbobi. A kakar 2015/16, zamanin Edgar Lungu, aka gwada a gundumomi 13 da manoma kimanin 241,000. Manomi ya zuba kwacha 400, gwamnati ta ƙara 1,700, a katin banki na Visa. Shekara ta biyu aka kai gundumomi 39, a 2017/18 aka ce ƙasa baki ɗaya. Sai abubuwa suka cakuɗe. Baitulmali bai saki kuɗi a kan lokaci ba, katuna suka ƙi buɗewa har shuka ta wuce, wasu ƙauyukan babu sabis na waya, wasu babu dillali kusa, dillalan da suka ba da kaya bashi suka yi ta jiran biya. Daga 2018/19 aka mayar da gundumomi da yawa tsohon tsari.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin girman wannan haɗin gwiwa. Mason da Kuteya da Hambulo Ngoma da abokan aikinsu suka auna shekaru biyun farko na katin, tsarin da gidansu ya daɗe yana tallatawa, suka buga cewa bai fi tsohon ba a mafi yawan ma'aunai, a wasu ma ya gaza shi. Sun danganta hakan ga yadda aka aiwatar, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni ina ganin wannan uzuri ne mai kaifi biyu. Gwamnatin da ke makara wajen kai taki ita ce dai za ta makara wajen sa kuɗi a kati. Shawarar da ke buƙatar baitulmali mai cika alkawari, a ƙasar da ta kasa biyan bashinta na waje a watan Nuwamba na 2020, ta tsallake rabin matsalar tun a takarda.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafen da bai kamata a share ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai ba da kuɗin nan, USAID, ba ta taɓa ɓoye son da take yi wa kasuwa sakakkiya ba. Ban ga dalilin zargin alƙaluman ba, an tattara su ne tare da ofishin ƙididdiga na gwamnati, wasu masanan kuma sun yi aiki da su. Sai dai mai biya yana da ta cewa a kan tambayar da za a yi, kuma tambayar da aka fi yi ita ce ina gwamnati ta yi kuskure. Sannan farfesa a Amurka da mujallar ilimi ake auna shi, wadda kan ɗauki shekara biyu kafin ta fito, da Turancin da ko babban sakatare ba zai karanta ba. Sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da gajerun takardu masu shafi huɗu, amma a manyan mujallu, musamman a shekarun farko, sunayen Michigan ne suka fi zuwa a gaba. Manomin da ya ba da awa biyu yana amsa tambayoyi kuwa, da wuya sakamakon ya dawo masa da harshensa, Nyanja ko Bemba ko Tonga.

Fari, da abin da ya biyo baya

Ranar 29 ga Fabrairu 2024 Shugaba Hakainde Hichilema ya ayyana fari a matsayin bala'in ƙasa. Gundumomi 84 cikin 116 abin ya shafa, kimanin hekta miliyan ɗaya na masara suka ƙone a tsaye. Girbin ya faɗo zuwa tan miliyan 1.5, ƙasa da rabin na shekarar da ta gabata. Ruwan madatsar Kariba ya ja baya, wutar lantarki ta zama sai an gani. Zambiya ta ƙulla yarjejeniyar sayo tan 650,000 daga Tanzaniya, 'yan adawa suka yi ta caccakar gwamnati cewa ta bari an fitar da masara waje kafin farin.

Kowane ɓangare ya sami abin kamawa. Masu goyon bayan FRA suka ce ga ranar ajiya nan, wanda ke cewa a bar wa kasuwa ya zo ya ciyar da mutane. Masu binciken kuwa dama ba su ce a rushe hukumar ba, cewa suka yi ta tsaya ga ajiyar gaggawa da ƙa'idar saye da sayarwa wadda kowa ya sani tun da wuri, a daina rufe iyaka da buɗe ta ba zato ba tsammani. Suna kuma iya nuna cewa shekara ashirin ana zuba kuɗi a kan masarar da ke jiran ruwan sama, rogo da dawa da gero da noman rani suna gefe, shi ya sa damina ɗaya ta iya durƙusar da ƙasa. A wannan gardama na fi karkata gare su, ko da yake na san mai mulkin da ya ga 1986 da 1990 a tarihin kujerarsa ba zai taɓa kwana da rumbu rabi ba saboda wani lissafi ya ce ya isa.

Gwamnatin Hichilema ta dawo da tallafin ta hanyar lantarki, ta kai shi gundumomi 74 a kakar 2024/25, da manoma fiye da miliyan ɗaya a shirin baki ɗaya. Ke nan shawarar da aka gwada ta faɗi ta sake tashi bayan shekara kusan goma, a hannun wata jam'iyyar.

A ɗaya gefen, a watan Janairu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin ƙasashen waje, zuwa farkon watan Yuli an rufe USAID. Mafi yawan cibiyoyin binciken noma da hukumar ke ɗaukar nauyinsu a jami'o'in Amurka ƙarƙashin shirin Feed the Future suka rasa kuɗinsu. Hanyar da aka buɗe a 1975, wadda ta kawo Michigan Lusaka, ta toshe cikin 'yan watanni. IAPRI ba reshen jami'ar ba ce tun 2011, rajistarta da ma'aikatanta da alƙaluman shekara ashirin na Zambiya ne. Amma fita ƙauyuka a zauna da gida dubu takwas yana buƙatar motoci da mai da albashin masu ƙidaya, kuma ɗaya daga cikin manyan masu biyan wannan kuɗi ya tafi.

Daminar 2025 ta yi kyau. Zambiya ta girbe masara fiye da tan miliyan 3.6, ta wuce duk abin da ta taɓa samu. FRA ta sa kwacha 340 kan buhu mai kilo 50, manoma suka yi layi a wuraren saye da amalanke da manyan motoci. An sa babban zaɓe a watan Agusta na 2026.